Idon Hajiya na Dama

Juma'a, 23 ga Ramadan, bayan la'asar

Gobe za a yi wa Hajiya aikin ido. Likitarmu, Diktora Mawahib, ta ce in iso asibiti da sassafe, kuma kada in ba ta komai ta ci daga yanzu. Hajiya ta hango kwanon latas a hannuna ta miƙo wuya daga cikin tanki, na ce mata ki yi haƙuri, duk garin nan azumi ake yi.

Har yau Diktora ba ta son sunan nan. Ta ce kunkurun teku ba 'yar gida ba ce, lamba gare ta, asibitin dabbobi kuma ba gidan suna ba ne. Ni ma ba ni na raɗa ba. Baba ne, ranar da na nuna masa hotonta a waya. Ya ce tunda daga Bahar Maliya masunta suka tsamo ta, babu shakka ta sha leƙa Jidda, alhali kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa don ya haye ruwan nan, ya ƙare a Umdurman yana yi wa mutane aski. Ko mace ce ko namiji ma ba mu sani ba, ƙananansu ba sa nunawa. Girmanta bai wuce babban tiren shayi ba.

Lokacin da aka kawo ta Khartum daga Sawakin, ƙari ya cika mata wuya da hammata, fari-fari mai kaushi, wani kamar dabino, wani ya kai lemon tsami. Idon hagu ya riga ya rufe ruf, Diktora ta ce wannan ya tafi. Na wuya da na hammata an yanke su a Sha'aban, sun warke tas. Saura guda, ɗan ƙarami a gefen fatar idon dama, kamar ƙwayar wake, yana reto a kan ɗan siririn wuya. In an cire shi aka ga bai dawo ba, sai a mayar da ita teku. Da ido ɗaya za ta iya neman abincinta. In babu ko ɗaya, ba za ta iya ba.

Ni zan raka ta, Diktora ta yi mini alkawari. Ban taɓa ganin teku ba.

Asabar, hantsi

Ba a yi aikin ba. Diktora ta kira ta ce tana hanya. Can ta sake kira ta ce faɗa ya ɓarke a gari, ana ta harbe-harbe, in nisanci taga.

Asabar, kafin magariba

Ina ƙarƙashin teburin aiki. Ni kaɗai ce a asibitin, mai gadi ya tafi duba iyalinsa tun safe. Wuta ta ɗauke, injin da ke juya ruwan tanki ya yi shiru. Duk sanda ƙarar ta zo sai ruwan ya yi rawa, Hajiya ta nutse ƙasa ta daɗe ba ta ɗago ba. Na karya mata nata azumin tun azahar. Nawa zan buɗe da ruwan famfo da latas ɗinta, in ta yarda mu raba.

Litinin, azahar

Ba abin rubutawa. Ruwan tanki ya fara wari.

Laraba, bayan la'asar, a gida

Husam ya zo. Ban san ta inda yayan nan nawa ya bi da boksi, a-kori-kurar garejinsu, daga Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, har ƙofar asibiti ba, ban kuma tambaya ba. Ya shigo idanu jajur ya ce, "Barira, mota. Hassa, yanzu-yanzu."

Na ce, "Sai da ita."

Ya dubi tankin, ya dube ni. "Inti majnuna? Kin haukace ne? Mutane na barin gidajensu a buɗe, ke kina maganar kunkuru?"

Na zauna a ƙasa na naɗe ƙafa. Ya san halina tun ina goye, don haka bai ɓata bakinsa ba. Shi da kansa ya tsamo ta, muka naɗe ta a jiƙaƙƙen bargo muka sa a baho. A bakin gada masu bindigar da ke tsaye suka ɗaga bargon. Ɗaya ya yi dariya ya ce abu gadah, wato kunkuru, ya ƙwanƙwasa bayanta da bakin abin da ke hannunsa, ya ce mu wuce. Sauran abin da ke kan gadar ban gani ba, kaina na cikin bahon.

Inna ta rungume ni ta yi kukanta ta more, sannan ta leƙa bahon ta ce, "Mun aika a ɗauko mana 'ya, an haɗo mana da baƙuwa." Baba kuwa gyara rawani ya yi ya ce, "Marhaba da Hajiya. An sha hanya."

Sai da muka sauke ta ƙarƙashin darbejiya na tuna na bar ma'aunin gishiri a kan tebur, na bar ƙarfen da muke auna ƙari da shi. Man shafawa kaɗai na ɗauko, shi ma a aljihu na tsince shi.

Alhamis, bayan buɗe baki

Ruwanta sai da gishiri, kuma ba yadda aka ga dama ba. A asibiti na'ura ke faɗa mini in ya yi daidai. Nan harshe kaɗai gare ni. Na san ɗanɗanon ruwan tankin, don ta sha watsa mini shi a fuska. To ga azumi a baki. Haka na zauna da bokiti da gishirin miyar Inna ina jiran ladan, ita kuma tana kwance cikin bargonta tana kallona da idon nan ɗaya. Kowa ya buɗe baki da dabino da hilumur, abin shanmu na azumi, ni da ruwan gishiri.

Inna ta ce, "Gishirin wata guda kika juye wa kunkuru."

Baba ya ce, "Bar ta, ya Um Husam. Gishirin nan ai daga Bur Sudan ake kawo shi. Kayan gidansu ne muke mayar mata."

Juma'a, ranar Sallah, hantsi

An yi Idi a cikin masallaci, ƙofa a rufe, in ji Baba. Ba wanda ya shigo gaisuwa.

Diktora ta kira. Tana Kalakla wurin mahaifiyarta, ta ce lafiya lau suke, muryarta dai ba ta ce haka ba. Ta ce, "Isma'i, ki saurara, ya Barira. Ruwan ya zama mai sanyi, zafi ne ke sa abin nan saurin girma. Ranar safe kaɗan tana yi mata amfani, ta tsakar rana a'a. Ki riƙa aunawa. Kuma kada kowa ya taɓa shi. Ba kan ake cirewa kawai ba, ƙwayar cutar tana cikin fatar da ke kewaye, sai an yanka da faɗi an ƙona bakin. In aka tsinke kan kaɗai, zai dawo da 'yan'uwansa. Hanya na buɗewa zan zo da kayan aiki."

Na ce to. Na ce barka da Sallah, ashe layin ya riga ya yanke.

Na ari zaren ɗinkin Inna. Na zagaya ƙarin da shi a hankali, na ƙulla inda ya haɗu, na yanke na rataye a ƙusar da ke jikin darbejiya.

Litinin, safe

Famfo ya ƙafe.

Laraba, azahar

Ruwa yanzu sai mai karo, mai amalanken jaki, jakinsa ma duk ya rame, kuma ba kullum yake shigowa layinmu ba. Ganga ɗaya ce ta gidan duka: sha, girki, alwala, da Hajiya. Ba na iya canja mata ruwa yadda ya kamata. Tacewa nake yi da tsohon tob ɗin da Inna ke yafawa in mayar mata.

Inna ta ce, "Ga Nilu nan ƙasa da mu, kififiya ta cika shi. Kai ta ki saki, ya bitti, 'yata. Ruwa ai ruwa ne." Na yi mata bayani har bakina ya bushe, cewa ruwan daɗi ba nata ba ne, ciyawar da take ci babu ita a can, kuma mutuwa za ta yi ba wanda ya sani. Ta ce, "Allah ya kyauta," irin yadda take faɗa in tana ganin boko ya taɓa mini kai.

Ɗazu na sa hannu a bahon, ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Na shiga ɗaki neman abin da zan yi mata inuwa da shi, na fito na tarar da Inna tana kwarara ruwan randa a ciki, ruwan sanyin nan da take ɓoye wa Baba. Da ta gan ni sai ta ce, "Ba don ita ba ne. Don kada ki cika mana kunne ne." Da ta juya baya na ƙara gishiri.

Asabar, safe

Sabon zaren ya fi na ranar Sallah tsawo. Na sake aunawa, ko hannuna ne ya yi rawa. Ba hannuna ba ne.

Lahadi, bayan la'asar

Baba ba shi da aiki yanzu. Wa zai fito aski, wa zai zo a yi masa ƙaho? Kullum sai ya ɗauko zabirarsa ya zauna gefen bahon yana wasa asake da suka riga suka yi kaifi. Yau ya daɗe yana kallon idon, sannan ya ce, "Irin wannan mai wuyan, na cire wa mutane ba iyaka, tun ba a haife ki ba. Ba ma sai da aska ba. Silin izga ɗaya, a ɗaure gindin tamau, kwana kaɗan ya bushe ya faɗi da kansa. Ko jini ba ya fita."

Na ce wa Baba, "Yaba, wannan ba irin na mutane ba ne."

"Nama ai nama ne."

"Diktora ta ce kada kowa ya taɓa."

Ya ce, "Diktora tana Kalakla. Ido yana nan."

Na ce a'a, kuma na faɗa da ƙarfin da ba a yi wa uba magana da shi. Ya naɗe zabirarsa. Gidan nan kowa ya san kunkurun teku ya fi ni: Inna da ruwanta, Baba da namansa.

Talata, azahar

Wayar Diktora tana shiga, ba a ɗauka.

Alhamis, azahar

Yanzu ba ta ma shiga.

Juma'a, hantsi

Ƙarin ya kai dabino. Yana rufe rabin idon, sai ta karkata kai sannan take gani. Na jefa mata ganyen jirjir, ta kai cizo gefensa, ta kama ruwa. Ta sake, ta kama ruwa. A karo na gaba na tura mata ganyen da yatsa, na yi kamar ita ta same shi.

Ƙarar ta matso. Gidan su Tayyiba da ke ƙarshen layi ba shi da ɗakin gaba yanzu. Zaruruwa na ƙaruwa a jikin ƙusa, kowanne ya fi na bayansa. Ban san amfanin aunawar ba, amma ita kaɗai ce cikin abubuwan da Diktora ta ce da nake iya yi.

Lahadi, kafin magariba

Ya yi.

Mun fita da Husam neman gishiri, muka biya masallacin da ke da wutar rana muka ɗan sa wa waya caji. Ina dawowa na durƙusa gaban bahon, sai na ga baƙin sili ya nutse a gindin ƙarin, an ƙulle shi irin ƙullin da Baba kaɗai ya iya. Na gwada da farce, ba ya kwantuwa. In na ja, fatar ido zan yaga.

Inna ce ta riƙe wa Hajiya kai. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Na faɗi maganganu, ba zan maimaita su a nan ba. Baba ya bari na gama, sannan ya ce, "Na yi bismilla, na wanke hannu, izgar ma sai da na tafasa. Ya bitti, kin daina cin abinci, kin koma kallon zare. Ba zan zauna da sana'a a hannuna ina kallon ido yana rufewa a cikin gidana ba."

Na shiga ɗaki. Tsoro nake ji, ba fushi ba, amma fushin ya fi sauƙin nunawa.

Talata, safe

Ƙarin ya yi baƙi, ya motse. Ba na yi wa Baba magana. Hajiya na cin abincinta.

Alhamis, bayan asuba

Ya faɗi. Na same shi a ƙasan bahon kamar busasshen zabibi. Inda yake sai ɗan tabo ja, idon kuwa a buɗe tar. Na jefa ganye can nesa da ita, ta juya ta bi shi ta cafke karo ɗaya.

Inna ta yi 'yar guɗa ƙasa-ƙasa don kada a ji a waje. Husam ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun azumi. Baba kuwa ya zagaya bahon hannu a baya, kamar wanda ya gina gadar Umdurman, yana cewa, "Hajiya, kin gan ni yanzu? Ni ne Zailani wanzami." Na haɗa shayi na kai masa da kaina. Ya shanye har ƙasa.

Na shafa mata man da na taho da shi. Wataƙila Diktora ba ta san komai da komai ba. Allah ya sa.

Juma'a, bayan la'asar

Idirisu, maƙwabcinmu mai babbar mota, zai tafi Bur Sudan jibi da iyalinsa. Ya leƙo ta katanga ya ce akwai wurin mutum ɗaya da baho a baya, in ina so.

Baba ya ce, "Tafi da ita yanzu tana gani."

Na ce ba haka ake yi ba. Tabon ɗanye ne. Kuma Diktora ta sha faɗa, in an cire sai an yi watanni ana kallo kafin a saki, don in ya dawo mata a cikin teku ba mai gani, sannan ta kai wa 'yan'uwanta cutar.

Ya ce, "Watanni? A wane garin?"

Na ce Diktora za ta zo ta duba.

Husam ya dube ni ya kau da kai. Baba ya ce, "Khalas. Ke ce mai ita." Na je na gaya wa Idirisu na gode.

Lahadi, bayan asuba

Na ji tashin motar. Ban fita ba.

Laraba, hantsi

Akwai wasu 'yan fararen abubuwa a bakin tabon, kamar ƙwayar gero. Wataƙila warkewa ce. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, hantsi

Ba warkewa ba ce. Sun zagaye idon, sama da ƙasa, kuma waɗannan ba su da wuya, a shimfiɗe suke. Ba inda zare zai zagaya, balle izga. Ruwan randa bai kai tsakar rana yake ɗumewa. Garin nan ya zama tanda.

Baba ya zo ya tsaya a bayana. Na ji numfashinsa ya canja. Ya koma ɗaki.

Litinin, bayan azahar

Husam ya haɗu da ɗan'uwan Diktora a layin burodi. Husam ya shigo ya zauna kusa da ni a bakin gado, abin da bai taɓa yi ba, ya ajiye burodin a cinyata. Ba zan rubuta ba. Allah ya jiƙanta.

Na fito tsakar gida na tarar da Baba a gefen bahon. Na ce, "Ka ga aikinka?"

Ya ce, "Na gani."

Da ya yi mini faɗa da ya fi.

Talata

Ban goge lambar Diktora ba.

Alhamis, safe

Ina wanke mata hammata da tsumma sai yatsana ya ji kaushi. Na ɗaga hannunta na duba. Suna nan. A wuya ma suna nan, daidai kan tabon aikin Sha'aban, inda Diktora ta yanka da faɗi, ta ƙona bakin, ta yi duk yadda ake yi. Na zauna a ƙasa da tsumman a hannuna, na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Na kira Baba na nuna masa. Na ce, "Yaba, duba. Har inda ta yi ma ya dawo. Ko da ba ka taɓa ba, wataƙila haka za a yi. Maganar da na faɗa maka ranar Litinin, ka yafe mini."

Ya duba da kyau, irin duban masu sana'a. Ya ce, "Wancan nata ne da Ubangijinta. Na idon nawa ne."

Na ce ni ce fa na hana a tafi da ita tana gani. Ya ce, "Ke kin bi abin da aka koya miki. Ni ma haka." Ya tashi ya tafi alwala.

Ko Lahadi ko Litinin, azahar

Saura 'yar kafa a idon, kamar ta allura. Tana bin inuwar hannuna, ganye kuwa ba ta ganinsa.

Laraba, hantsi

Ya rufe.

Na kaɗa hannu a gabanta, ba ta motsa ba. Ta yi iyo ta bugi jikin bahon, ta juya ta bugi ɗaya gefen. Sai na taɓa mata ganyen a baki sannan take buɗewa. Na kwashe zaruruwan daga ƙusa na mayar wa Inna, ta ce me za ta yi da guntaye, amma ta karɓa.

Alhamis, bayan la'asar

Tana yawo a saman ruwa gefe ɗaya a ɗage, ba ta iya nutsewa sosai. Na san wannan. In ya shiga ciki, cikin huhu ko hanji, ba aikin da ake yi. A asibiti akwai allurar da Diktora ke yi wa irin waɗannan, su yi barci shi ke nan. Tana can cikin akwatin ƙarfe, ƙetaren gada.

Na dubi zabirar Baba da ke rataye a bakin ƙofa. Ya ga na duba.

Ya ce, "A'a. Wannan kuma ba zan yi ba."

Na ji daɗi da ya ce haka. Ban san ko daidai ne in ji daɗin ba.

Asabar, azahar

Allurar sukarin Inna saura kwalbar ƙarshe, ita ma a jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin randa muke ajiye ta. Ƙafarta ta kumbura. Husam ya zagaya duk inda ake iya zagayawa, ba kantin magani ko ɗaya a buɗe. Ya samo mana wuri a bas mai zuwa Bur Sudan, ranar Talata, daga can bakin gari. Direban ya ce mutum da jaka ɗaya, ba baho, ba dabba.

Ko da ya yarda, in kai ta in ce da tekun me? Ga makauniya na kawo maka?

Baba ya ce shi ba ya zuwa. Wai gida ba a barinsa ba kowa, shiga za a yi. Husam ya ce su shiga mana, me ke ciki? Inna ta yi kuka, ta haɗa shi da Allah. Sai da suka gaji ya ce, "Ina da baƙuwa."

Na ce to ni zan zauna, ai tawa ce.

Ya ce, "Uwarki ba ta yarda kowa ya soka mata allura sai ke. Wa zai wanke mata ƙafa a hanya, Husam? Ya bitti, ni na ɗaura izgar nan. Wanzami ba ya aiki ya tafi ya bar mutum da ciwo."

Na ce ba za ta daɗe ba, Yaba. Ya ce to ba zai daɗe da biyo mu ba ke nan.

Litinin, bayan la'asar

Na koya masa. Yadda ake tace ruwan, yadda ake zuba na randa da tsakar rana, yadda ake taɓa mata ganye a gefen baki a jira, kada a tura. Hannunsa ya fi nawa natsuwa, ta karɓa a wurinsa tun karon farko.

Sannan gishiri. Na zuba a bokiti da kofin shayi, na dama, na ɗanɗana, na miƙa masa. Na ce, "Ɗanɗana, ka riƙe a harshenka. Haka teku yake."

Ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya tofar. Ya ce, "Ashe wannan ne kakana ya yi ta tafiya don ya gani." Ya sake kurɓa, wannan karon ya daɗe da shi a baki. Ya ce, "In kin isa ki ɗanɗana na can, ki gaya mini ko mun yi daidai."

Na bar masa duk gishirin gidan da wayar Inna. Hajiya ban yi mata sallama ba. Na dai sa hannu a bayanta, ta ɗago kai ta ja numfashi, ta juya wajen da ba na nan.

Talata, hantsi, a cikin bas

Bai rako mu ba, ya ce lokacin ganyenta ne.

Alhamis, kafin magariba, Bur Sudan

An sami allurar Inna. Na bar ta tana barci a ajin makarantar da aka sauke mu, Husam na gadinta, na tambayi hanya.

Ga shi nan. Ya fi yadda na zata girma, kuma ba a ganin ɗaya gefen. Na yi zaton zan yi kuka, ban yi ba. Na daɗe a tsaye ina duba saman ruwan ko wani kai zai ɗago ya ja numfashi. Ba wanda ya ɗago.

Na durƙusa na ɗiba da tafin hannu na kai baki. Ya fi namu gishiri, nesa ba kusa ba. Ashe duk makonnin nan lami nake haɗa mata, kuma shi na koya wa Baba, na ce masa haka teku yake.

Na kira shi in ce ya ƙara kofi ɗaya a kowane bokiti. Wayar tana shiga. Ba a ɗauka ba tukuna.